Ranar da Wuta Ba Ta Fita Daga Gidan Baba Josiah

Kakana Baba Josiah bai taɓa taka ƙasar Ireland ba, amma akwai wani ƙauye a can da ya sani fiye da yadda ya san Sentul, unguwar da muke zaune a Kuala Lumpur. Kulnagira yake kiransa. Ban san yadda masu garin suke rubuta sunan ba, haka dai yake fita daga bakin Baba. Idan ka aike shi kantin Indiyawan da ke bayan gininmu sai ya ɓata. Amma ka tambaye shi ta ina ake bi daga cocin Kulnagira zuwa rijiyarsu, nan take zai lumshe ido ya ce ka bi gefen katangar duwatsu, ka bar Gonar Gwauruwa a hannun hagu, kuma kada ka kuskura ka taɓa itacen ƙayar da ke tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili.

Ni ce ake tambaya a gidanmu idan an manta wa ya auri wa, ko wace shekara rufin coci ya yaye, don haka bari in fara daga tushe. Mahaifin Baba, wanda duk ƙauyenmu a kudancin Kaduna ke kira Kuku Tanko, shi ne mai dafa wa Fada Malaki abinci a gidan mishan. Fada mutumin Kulnagira ne, kuma ya daɗe rabonsa da gida. Idan damina ta kankama, duwatsunmu suka yi kore shar, sai kewa ta taso masa. Ya kan kira ɗan kukunsa ya zaunar da shi a kan matakalar baranda. Yaro yana gyara masa Hausa, shi kuma yana zagayawa da yaro ƙauyensu da baki, gona bayan gona. Yaron nan shi ne Baba, kuma babu abin da ya zube masa.

A Kulnagira, in ji Baba, kowace gona tana da suna kamar mutum. Akwai Fadamar Ɗan Maraƙi, akwai wani ɗan fili da ake kira Rigima, saboda wa da ƙane sun tsufa suna shari'a a kansa alhali ko akuya ba zai ƙosar ba. Su ma suna da nasu mutanen ɓoye, waɗanda ba a kiran sunansu, sai dai a ce "mutanen kirki" don kada su ji haushi. Itacen ƙayar nan nasu ne. Wani mai taurin kai da ake kira Dini ya sari reshe ɗaya don ya toshe shinge, washegari ya tashi bakinsa a karkace, bai kuma miƙe ba sai da ya mayar da reshen ya ba itace haƙuri da babbar murya a gaban jama'a. Rijiyar kuwa da can a gabas da hanya take. Wata mata ta wanke zanen goyo a cikinta, rijiya ta yi fushi, kafin gari ya waye ta tsallake hanya ta koma yamma. Muna yara idan Baba ya zo nan sai mu kwanta a ƙasa don dariya, shi kuwa ko murmushi ba ya yi.

"Me ya ba ku dariya?" haka yake cewa. "Ku aka zuba wa kashin jariri za ku zauna?"

Fada ya koma ƙasarsu Baba yana saurayi, a can kuma ya rasu. Baba ya kama aikin reluwe a Kafanchan, ya auri Kaka Ladi, suka tara iyali. Mahaifina ne babba, Anti Caroline ce auta. Da Kaka ta rasu sai Anti, wadda ke koyarwa a wata jami'a a Bukit Jalil, ta ɗauko shi ya dawo wurinta. Ya zo yana ƙunƙuni, amma da aka gaya masa Sentul tsohuwar unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa ce sai ya saki fuska, ya ce ashe gida aka kawo shi. Ni kuma da na gama sakandare aka turo ni in zauna tare da shi, tunda Anti wuni take a makaranta. Amarya yake kirana, kamar yadda kakanni ke yi, ni kuma ina ce masa angon da ba ya ba da kuɗin cefane.

Kafin zuwana ma ya riga ya yi suna. Wata rana ya ɓace wa Anti a babbar tashar KL Sentral. Ta yi sama ta yi ƙasa, har ta fara kuka, sai ta hango shi a gindin matakala mai tafiya da kanta, tsaye ƙyam, rigarsa a juye, aljihu yana reto a waje. A Kulnagira idan mutanen kirki suka ɓatar da kai, ko da a cikin gonarka ne, maganin shi ne ka juya rigarka. Baba ya tuɓe a tsakiyar jama'a ya juya tasa. Da Anti ta fara faɗa sai ya ce, "To ba ga shi kin gan ni ba?" 

Amma babbar dokar da ya gado ita ce ta ɗaya ga watan Mayu. Ana gobe, a watsa furanni rawaya a bakin ƙofa. Ranar kuwa, tun daga fitowar rana har faɗuwarta, wuta ba ta fita daga gida, gishiri ba ya fita, madara ba ta fita, haka duk abin da aka dafa. Wanda ya fita da su ya fita da arzikin gidan na shekara. Abin dariyar shi ne Fada Malaki da kansa yana hawa bagade ya yi wa'azi cewa camfi ba na Kirista ba ne. Amma duk ƙarshen Afrilu sai ya leƙa kicin, ya duba hagu da dama, ya ce wa Kuku Tanko a hankali, "Gobe kada wuta ta fita." Haka dokar ta zauna a gidanmu, har mutanen ƙauye suka saba: ranar nan ba a zuwa ɗibar garwashi gidan Kuku. Akwai 'yan'uwanmu da har yanzu suke zaton al'adar kakanninmu ce tun kafin zuwan Turawa.

To sai ga shekarar korona, aka sa dokar kulle. Mutum ɗaya ke fita cefane a kowane gida, ba ziyara, ba coci, ba masallaci. Azumi kuma ya kama a cikin kullen.

Ƙofarmu tana kallon ta Muntasir da matarsa Fiddausi, mutanen Kano. Shi yana digiri na uku a fannin injiniya, Baba yana kiransa Dakta Saura Ƙiris. Ita kuwa ɗiyata yake ce mata, kuma ta ci sunan, don tun kafin kulle ita ce ke zama ta saurari labarin rijiya daga farko har ƙarshe ba ta duba waya ba. Da azumi ya zo, kullum da yamma sai mun ji ƙwanƙwasa, mu buɗe mu tarar da kwanon ƙosai da kofin kunu a ƙasa, na Baba. Ba mu kaɗai ba. Akwai ɗalibai gwauraye 'yan Nijeriya a ginin, waɗanda da a masallaci suke shan ruwa. Da aka rufe masallatai sai Fiddausi ta ɗauki nauyinsu. Takan ƙulla wa kowa nasa a leda ta rataye a hannun ƙofa, su hauro ɗaya bayan ɗaya su yi tapau, wato kowa ya ɗauki ƙunshinsa ya koma ɗakinsa.

Ana gobe ɗaya ga wata Baba ya tashi da damuwar fure. Kowace shekara Brickfields, unguwar Indiyawa, ake kai shi wurin masu saƙa furannin ibada, har sun san shi, suna zaton wani haikali yake kaiwa. Bana duk sun rufe. Da yamma sai ga mutumin da bai taɓa sanin inda kwandon shara yake ba yana cewa a ba shi shara ya kai ƙasa. Ya sa takunkumi ya fita. Ya dawo yana haki, hularsa a hannu cike da furanni rawaya na shingen gini, ya aske gefe guda tas. Wai maigadi ya ce masa, "Uncle, tak boleh lah," wato an hana, shi kuma ya ɗaga masa hannu ya ce sannu da aiki. Ya durƙusa ya jera su a bakin ƙofa, ya tashi yana karkaɗe gwiwa, fuskarsa kamar wanda ya gama biyan bashin duniya.

Ranar Juma'a, ɗaya ga Mayu, komai lafiya har bayan la'asar. Sai aka ƙwanƙwasa. Na buɗe na ga Fiddausi ta koma bakin ƙofarta ta tsaya, takunkumi a fuska, hannunta fari da ƙullu.

"Hannatu, don Allah Anti na kusa? Gas ɗina ya ƙare, ko zafi mai bai gama yi ba. Mun kira mai kawowa, wai yau hutun ma'aikata ne, sai gobe. Kunu kam na dama da ruwan butar lantarki, ƙosan ne. Ga ƙullu roba guda, ga yaran nan suna jira."

Anti ta amsa daga falo, tana gaban kwamfuta, "Ai muna da tukunyar gas ta ajiya. Hannatu, gangara mata da ita."

Na shiga kicin na tarar da Baba zaune a kan tukunyar gas ɗin. Mutumin da sai an kama masa hannu yake tashi daga kujera, ban san ta inda ya bi ya riga ni ba. Ya harɗe hannuwa a ƙirji.

"Ango, tashi mana."

"Amarya, yau nawa ga wata?"

Sai da ya faɗa na tuna. Dariya ta kama ni har na dafa firji. Anti ta taso ta leƙo, ta ga abin da ke faruwa, ta ɗora hannu a ka.

"Baba, don girman Allah. Nan fa Malaysia ce."

"Watan Mayu bai iso Malaysia ba?"

"Fada Malaki ya yi shekaru nawa a kabari? Su kansu mutanen Ireland ɗin na tabbata sun bar wannan abu."

"Su suka sani. Ni ba a aiko mini an ce an bari ba."

Ƙofar gidanmu a buɗe take, kicin kuma yana daf da ita, don haka duk abin da ake faɗa yana isa tsallaken korido. Muntasir ya fito ya tsaya bayan matarsa, da jallabiya, idonsa ya faɗa don azumi. Anti ta yi masa bayani a gurguje. Ya yi gyaran murya irin ta mai shirin kare kundin digiri.

"Baba, barka da yamma. Ai in an bi ta ilimi, abin da ke cikin tukunyar nan ba wuta ba ne. Iska ce kawai aka matse."

"Dakta," in ji Baba daga kan tukunya, "in ka kai ta gidanka fifita za ka yi da ita?"

 Anti ta juya baya kafaɗunta suna rawa. Fiddausi ma dariya take yi, don ta ɗauka irin tsokanar da suka saba ce, tana jiran Baba ya tashi ya ce wasa yake. Bai tashi ba. A hankali na ga dariyar ta bar idonta. Ta dubi furannin da ke bakin ƙofarmu, ta dubi hannunta mai ƙullu.

"Ba komai, Baba," ta ce. "Lokacin ne ya zo da haka, kowa yana tsoron kayan gidan wani. Allah ya ba mu lafiya."

Ta juya za ta shige. A nan na daina dariya, don na gane abin da ta fahimta: wai ƙyamarsu muke yi saboda cuta. Matar da kullum take ciyar da shi. Baba ma ya gane. Ya miƙe da kansa, ba wanda ya kama shi, ya zo bakin ƙofa ya tsaya daf da furanninsa.

"Ɗiyata, tsaya. Wallahi ba ke ba ce." Ya dafa bakin ƙofa. "Sau ɗaya aka taɓa karya dokar nan a gidanmu. Wata maƙwabciya ta zo da jariri a baya, wutarta ta mutu, uwata ta ji tausayi ta ba ta garwashi a kasko. Kafin a yi girbi kyanda ta shigo mana. Ina da ƙanwa, Ɗelu, ita kaɗai ce mace a cikinmu. Ita kyandar ta ɗauke mana." Ya nuna bayansa da hannu, inda muke tsaye ni da Anti. "Caroline za ta ce ba garwashi ne ya kawo kyanda ba. Na sani, ni ma na yi makaranta. Amma bana, da wannan abu yana yawo a gari, in buɗe ƙofa da hannuna? Ki yi mini haƙuri."

Na san labarin Ɗelu, amma a bakin Kaka na ji shi. Ban taɓa jin Baba ya kira sunanta ba sai ranar.

Fiddausi ta juyo. Sai ta goge hannu a zaninta ta ce, "Baba, dokar taku har yaushe take?"

"Sai rana ta faɗi."

"To mu ma ai sai rana ta faɗi muke ci. Shigowa fa? An hana abu ya shigo muku?"

Baba ya ɗaga gira. "Shigowa kam albarka ce. Fada bai taɓa mayar da kazar kyauta ba."

"Shi ke nan. Hannatu, zo ki ɗauki ƙullu. A soya a gidanku, ya zauna a gidanku, in an kira salla ya fito."

Kai, wannan yamma! Fiddausi ta ajiye robar ƙullu da galan ɗin mai a tsakiyar korido ta ja da baya, na fita na ɗauko, Anti ta bi su da feshin maganin kashe ƙwayar cuta kamar masu laifi. Anti ce ta fara hawa kan kasko, tana cewa ƙosai ai ba wani abu ba ne. Na farko ya baje kamar silifa. Na biyu ya shanye mai ya nutse bai sake tasowa ba. Fiddausi tana ganinmu ta bidiyo a waya, alhali muryarta ta gaske tana shigowa ta ƙofa, sai muke jin kowace magana sau biyu.

"Anti, ba ki buga ba! Anti, ba ki buga ba! Ki buga shi ya tashi!"

"Ina bugawa mana! Ni fa lissafi nake koyarwa!"

Baba yana tsaye yana kallo, yana girgiza kai kamar an zagi mahaifinsa. Can ya ce, "Ku ba ɗan kuku wuri." Ya ɗaura ƙyallen girkin Anti mai hoton kyanwa, ya karɓi muciya, ya shiga bugun ƙullu har gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Ya ɗiga kaɗan a ruwa, ya ga ya taso, ya ce yawwa. Da ya fara sakawa a mai, kowane ƙosai sai ya kumbura ya juya da kansa, jawur, zagaye kamar an auna. Fiddausi ta yi guɗa daga tsallake.

"Baba! Ashe duk kwanakin nan kana cin nawa kana yi mini dariya a ciki?"

"Naki ma ba laifi, ɗiyata. Albasa ce kike yi wa rowa."

Yana tsamewa da matsami yana ba mu dalilin dokar, da ƙarfi don na tsallake su ji. Wai a Kulnagira akwai wata tsohuwa da shanunta ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba, amma man shanunta ya fi na kowa. Ashe duk safiyar ɗaya ga Mayu rikiɗa take ta zama zomo, ta bi garken mutane tana tsotsar nono, in kuma ta sami garwashin gidanka to man shanunka na shekara ya koma tulunta. Dini mai karkataccen baki ne ya saka mata kare. Kare ya cafki cinyar zomo, zomo ya faɗa ta tagar tsohuwa, da aka shiga sai ga ta a kan gado tana ɗaure cinya tana cewa ciwon sanyi ne.

"Baba," Muntasir ya ƙwalo daga ƙofarsu, "ƙamshin nan fa yana fitowa. Shi ba a hana ba?"

"Toshe hancinka, Dakta. Kada ka karya azuminka ka kuma kwashe mana arziki."

Kafin rana ta yi ja mun cika kwando. Ni da Anti muka ƙulla a leda, muka jera a cikin gida daf da ƙofa, furanni na tsakaninsu da waje. Gwaurayen suka fara haurowa. Suka tarar ba komai a hannun ƙofar Fiddausi, aka nuna musu tamu. Suka jeru a korido, kowa nesa da kowa, kowa da takunkumi da gorar ruwa, idanu duk a kan leda. Babbansu Muttaka, wani dogo ɗan Katsina, ya nemi a yi masa bayani. Da Muntasir ya gama sai ya ce, "Tsaya in gane. Mu Musulmi, a Malaysia, muna jiran ƙosan Kirista, saboda zomon Ireland?" Korido ya ɗauki dariya har wata 'yar China da ke ƙarshen layi ta leƙo ta koma.

Baba bai tsaya dariya ba. Ya cire ƙyallen girki ya fita baranda, don shi da idonsa yake ganin faɗuwar rana, ba ya yarda da agogo. Na bi shi. Barandarmu ba ta ganin inda rana ke shiga, dogayen gine-gine sun tare. Abin da yake dubawa shi ne saman wani dogon bene mai gilashi da ke gefe, inda hasken ƙarshe ke tsayawa.

Sai ladan ya ɗaga murya daga ƙaramin masallacin unguwa, don kullen bai hana kiran salla ba.

Daga korido na ji ana bismilla, ana buɗe gorar ruwa. Anti ta sunkuya za ta ɗauki leda.

"Caroline, tsaya," in ji Baba, bai ko waiwayo ba. "Ba ta faɗi ba."

Na duba. Gaskiya ne, saman benen nan yana nan jawur kamar garwashi.

"Baba, an kira salla!"

"Na ji. Ina kuma gani."

Na koma bakin ƙofa. Dariya ta ɗauke. Samarin nan tun asuba ba su ci komai ba, ga abinci a gabansu, taku ɗaya, ba wanda ya miƙa hannu, ba wanda ya yi tsaki. Muttaka ya sunkuyar da kai yana juya murfin gora. Fiddausi ta ɗaga murya yadda zai ji daga baranda.

"Baba, mun sha ruwa, azumi ya riga ya buɗe. Kada ka damu, za mu jira ta faɗi."

Sai na ji takunsa a bayana. Ya wuce ni, ya sunkuya ya ɗauki ledar farko.  Ya tsaya a gaban furanninsa kamar mai shirin tsallake rafi, bakinsa yana motsi, ina jin addu'ar Ubangiji yake yi. Sannan ya ɗaga ƙafa ya tsallake, ya miƙa wa Fiddausi da hannu biyu.

"Karɓi, ɗiyata. Ƙosai ba ya jira." Ya juyo gare ni. "Amarya, me kike kallo? Miƙo sauran kafin su huce."

Na waiwaya ta ƙofar baranda. Jan hasken yana nan a saman bene.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Muttaka ya ɗaga takunkumi ya jefa ɗaya a baki a tsaye, ya ƙone harshe, yana hura iska yana cewa wallahi tun da ya bar Katsina bai ci irinsa ba. Fiddausi ta ce to daga yau ya nemi mai ba shi, tunda nata bai yi masa ba, ya shiga rantse-rantse yana neman gafara da baki cike. Baba ya koma ciki ya zauna, ya ƙi cin ko ɗaya. Da safe ya fito da ma'aunin zafin jiki ya tare ni da Anti a ƙofar banɗaki, haka kuma ya yi ta yi mana kowace safiya har bayan salla. Ba wanda ya yi ko mura. Ban faɗi wannan don in ce dokar ƙarya ce ba, ko in ce gaskiya ce. Abin da ya faru ke nan.

Washegari mai gas ya kawo, amma ƙullu bai daina tsallako korido ba, don gwauraye sun kafa ƙungiya sun ce na Baba suke so. A ranar ne Muntasir ya tsaya a ƙofarsa da takarda da biro, ya zana ƙwallo da layuka, yana so ya kwantar wa Baba da hankali.

"Baba, na duba lissafin. Lokacin da aka kira salla rana ta riga ta faɗi. Abin da ka gani a gilashi jan sararin sama ne kawai, saura ne. Ba ka karya komai ba."

Baba yana bugun ƙullu, robar a cinyarsa. Bai ko dubi takardar ba.

"Dakta, ajiye zanenka. Rana na gani."

"Amma Baba, ai wannan albishir ne. Dokarka tana nan lafiya."

"Na ce maka rana na gani, da idona, kuma na bayar." Ya nuna shi da muciya, ƙullu yana ɗiga a ƙasa. "Kai da ko ƙwai ba ka iya soyawa ba, kada ka zo ka rage mini kyautata. Jeka ka ce wa ɗiyata yau ta ƙara albasa."